Awo a Tudun Hatsi

Shekara talatin ina awo a Tudun Hatsi.
Hannuna ya san mudun da aka doke wa gindi,
ya san waken da ƙwaro ya riga ni shiga.
Sai ga Hammayo daren Laraba
ya shimfiɗa takarda biyu a kan tabarma:
Baba, auna min waɗannan.

Rubutu kamar an zubar da ashana a ƙasa,
nan zobe, nan ƙofa, nan kujera mai ƙafa ɗaya.
Harshen Koriya ne, in ji shi.
A bayan wani injin wanki da ya gyara a Jekadafari ya fara ganinsa,
ya bi shi cikin waya dare da rana
har akuyar gidanmu ta fara samun gaisuwa da shi.

Ta farko makarantar babban birni ce,
ginin gilashi, suna mai cika baki.
Na mai da kuɗinsu naira, na mai da naira wake,
buhu ya hau buhu
har ya fi ƙarfin rumfata, ya leƙa ta maƙwabci.
Ta biyu tana wani gari a bakin teku
da sunansa ya ƙi zama a harshena.
Rabin kuɗi. Mutum huɗu ɗaki ɗaya.
Hoton ma bai fito sosai ba.

Na ce, araha ba ta ado.
Uwarsa daga bakin murhu ta ce,
ado za a tura shi nema?

Ni dai ban taɓa sayen buhu don kyan ɗinkinsa ba,
sai na cusa hannu har gwiwar hannu.
Na ce, je ka tambayo:
mutum nawa ne a aji?
Malamin yana jin muryar na baya?
Nawa ne rigar sanyi, nawa ne tuwon can,
ina ake Juma'a?
Waɗanda suka gama, ina suke cin abinci yau?

Kwana tara yana tambaya.
A birni aji cunkus ne, amma ƙofofin kamfani na kusa.
A bakin teku su sha biyu ne,
kuma mai sayar da kifi ba ta jin Turanci,
dole ka yi ciniki da bakinta ko ka kwana da yunwa.
Nan na gyara zama.
Ni ma Fulatancina ba a aji na same shi ba,
a bakin mai nono na tsince shi, ranar kasuwar Kumo.

Na sayar da filin hanyar Dukku.
Mai saye ya taya da wulaƙanci, na sallama ina murmushi.

Amma akwai kuɗin da babu a takarda ko ɗaya:
wa zai riƙe min bakin buhu?
Wa zai karanta min saƙon banki in ido ya gaji?
Wannan ban faɗa masa ba.
Mai awo ba ya ɗora yatsa a kan sikeli.

Da asuba na tambaye shi
yadda yaran can ke kiran ubansu.
Ya ce, Appa.
Na ce, sake faɗa.
Ya sake.

Ashe duk nisan nan,
harafi ɗaya ne tsakaninmu.