Jan Ƙarfe a Sharaɗa

Kakana Barau maƙerin fari ne, bayan Kurmi.
Yakan ce jan ƙarfen da ke narkewa a kaskonsa
baƙo ne, ba a Kano aka yanke masa cibiya ba.
Can arewa, in ji shi, wajen Azbin,
mutane ke sauka rami da fitilar mai,
su fito da dutse mai kore-kore a kwando,
a ƙona, a zuba sanduna siraran kamar yatsu,
raƙuma su sha hanya da su, su durƙusa a Fagge.
Ramukan nan, ya ce, yanzu sai iska da ƙadangaru.

Babana bai gaji zugazugi ba.
Kaki ya sa, ya shiga masaƙa a Sharaɗa,
jiniya ce zakaransa shekara goma sha tara,
har ranar da ya tarar da kwaɗo a ƙofa
da takarda guda, ruwa ya wanke rabinta.

Ni kuwa ga ni, mahaƙi ne ni ma,
sai dai ramina a doron ƙasa yake.
Ta inda katanga ta zube nake shiga.
Kwanon rufi ya daɗe da bin wasu,
tumfafiya ta tsiro inda babana ke tsayawa,
bututun hayaƙi na nan, jemagu ne hayaƙinsa.
Agogon bango ya tsaya ƙarfe biyu saura,
shi ne kaɗai ƙarfen da ba mai saye.

Da guduma nake buɗe cikin inji,
da awartakin Barau nake zaro hanjinsa,
waya ja, nannaɗe, har yau da sauran sheƙi.
Ɗan'azumi mai sikeli a Ƙofar Ruwa
ba ya tambayar asalin kaya.
Ya ɗora, ya dubi allura, ya rage mini kilo
don tsatsar da jan ƙarfe ba ya yi.

Jiya na hana shi kamu guda.
Na kai wa wani tsoho da ya san kakana,
ya murɗa wa Tabawa munduwa, 'yar ƙarama.
Ta kwana da ita, ta yi gumi.
Da safe ta miƙo hannu tana ɓata rai:
Baba, duba, ta bar mini kore.

Na riƙe wuyan hannun, na daɗe ina kallo.
Uwarta ta ce in kawo sabulu.
Na ce a bari tukuna.