Ɗaki Mai Taga

Jirage uku Shafa'atu ta turo mini a waya:
"Baba, zaɓi ɗaya, kuɗin na wuyana."
Ina zaune a Runjin Sambo, an ɗauke wuta,
zufa na bin gadon bayana.

Na farko unguwa ce a kan ruwa,
hawa goma, da kiɗa, da gidan caca.
In hayaniya nake nema
ai Tsohuwar Kasuwa ba nisa.

Na biyu da araha, ɗakin ba taga.
A ƙunshe ni kamar albasa a buhu?

Na uku ƙarami ne,
shi ke kutsawa lungunan teku
inda duwatsu suka naɗa rawanin ƙanƙara.

Na ce: wa ya yanka namansu?
In jirgi ya juya, ina alƙibla?
An ce rana can ba ta faɗuwa,
to yaushe magariba?
Ta yi dariya. Na ce, ƙaramin.

Ni da iyakata kwalekwalen Kwalkwalawa.

Da la'asar na je gwanjo neman rigar sanyi.
Mai rumfa ya dube ni, ya dubi rana,
bai ce uffan ba,
ya ƙara ɗari biyar.