Kaskon Ruwa

Sha tara na ƙirga daren Laraba,
kamar kullum bayan magariba:
toro biyu, uwaye bakwai, sauran 'yan tasowa,
ƙafa duk taɓo, ciki cike da tsutsar fadama.

Shekarar nan baƙin tsuntsaye sun sauka da yawa
a kududdufin da ke gabas da Auyo.
Yara na murna, suna jifan kirinjijiya.
Nawa kuwa can suke wuni,
ruwa ɗaya, laka ɗaya,
wa zai ce wa agwagwa kar ki sha da baƙo?

Kajin Uwale ne suka fara.
Da safe ta buɗe akurki, tara a kwance,
tukkunsu ya yi shuɗi kamar an tsoma a baba.
Na je na yi mata jaje,
na dawo ina cewa a raina,
agwagwa ai ba kaza ba ce, ƙashinta da tauri.

Kwana uku, sai Mai Zobe ta ƙi dusa.
Ita da ke ture kowa a bakin kasko
ta tsaya gefe, ido ya yi fari-fari,
kashi kore, ruwa-ruwa.
Washegari wuyanta ya murɗe,
baki na kallon sama,
tana juyi wuri ɗaya, juyi, juyi,
kamar mai neman ƙofa a ɗakin da ba shi da ita.

Na jiƙa maɗaci. Na daka barkono da jar kanwa.
Na aiki Talle kyamis ya sayo kafso,
na buɗe bakinta na ɗura da yatsana.
Ta haɗiye, don kunyata ina ji,
ba ta kai la'asar ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba.
Ran kasuwa na zaɓi biyu masu ƙyallin gashi,
lafiya lau a ido, wallahi lafiya lau,
na sa a kwando na rufe da buhu.
Zubin adashe ya zo, Kande ba ta ɗaga ƙafa.
Wani dattijo mai keke ya taya, ban ja ba,
har ya ce, baiwar Allah, kina da sauƙin ciniki.
Ya ce jikarsa zai kai wa, ta fara kiwo.
Ban tambayi garinsu ba.
Da gangan ban tambaya ba.

Masu fararen kaya sun zo ran Litinin,
hanci a rufe, hannu a safa, takalmi har gwiwa.
Malamin dabbobi ya ce murar tsuntsaye ce,
ya ce agwagwa kan ɗauke ta tana tafiyarta
kwana da kwanaki, ba wanda ya sani.
Ya dube ni: kin fitar da wasu?
Na dubi kasko.

Shida suka rage, har da toron da ke bin Talle makaranta.
An ce sabo da kaza ba ya hana yanka,
to wannan ba yanka ba ne,
ba bisimilla, ba tukunya, ba rabon maƙwabta.
Rami ne bayan gari, da farar ƙasa.
Ƙwai goma sha ɗaya da Gurguwa ke kwanci,
da ɗuminsu aka zuba.
Aka rubuta sunana a takarda, Tabawa Ilu,
na dangwala yatsa.

Yau wata biyu.
Tsakar gida tsaf, ba kashin da zan share,
ni da nake zaginsu kullum kan ƙazanta.
Har yanzu da asuba hannuna kan kai kwanon dusa
kafin hankalina ya tashi.
Kaskon na nan, ban kife shi ba.
In na ji ƙararrawar keke a bakin hanya
sai in koma ɗaki, in saki labule.