Kibiya da Hoto

Mun bar Tawa da asuba, ni da Alkasum,
babur ɗaya, bindiga ɗaya, jarkar ruwa biyu.
Gardama kuwa a bakin tasha muka ɗauke ta,
ta zauna tsakaninmu har duwatsun Tamaske,
ko kuɗin mai ba ta biya ba.

Shi wani ɗan akwati gare shi, ruwan ɗorawa,
jepeyes in ji shi, ladan shekara huɗu
da ya yi yana bin masu ginar rijiya.
Fuskar abin ba ta fi kwalin ashana ba.
Ba hoto, ba murya,
lambobi ne da kibiya guda
mai gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ni salula ce a aljihun gabana.
Daren jiya na ɗura mata taswira a shagon Ɗan Jimma,
dajin nan kaf, yadda shaho ke ganin sa:
ga fako fari, ga kwari, ga jerin adua.
Na ce, Alkasum, kai kana da sanda, ni ina da ido.
Ya ce, mu ga idon da la'asar.

Muka jingine babur a gindin wata magariya.
Ya danna, na danna,
kowa ya ce wa abinsa: riƙe mini nan.

Hantsi ya yi muna kan sawun zabi,
sun fi ashirin, suna tsintar ƙwaro bayan sabara.
Na rarrafa, ƙaya na cin gwiwata,
na hau ɗan tudu, na saita,
ashe tudun nan kaɗai ke da rezo a duk ƙasar.
Salula ta fashe da kuka.
Tsahara ce, wai ina na aje makullin ɗakin hatsi.
Zabi suka tashi da ƙara kamar an yage zane.
Alkasum bai ce kome ba.
Da ma ya zage ni.

Zomo ɗaya muka samu, shi ma gurgu.

Rana ta dafa salula har ba ta taɓuwa,
caji na zuba kamar ruwa a kwando:
talatin, sha tara, bakwai.
Nasa kuwa batir biyu na tebur,
wasu biyun na ƙulle a bakin rawani.

Da rana ta yi ja, kibiya ta ce: can,
kilo uku da ɗari biyu.
Ba ta yi ƙarya ba.
Sai dai ba wanda ya gaya mata
damina ta tsaga ƙasa a tsakani,
kwazazzabo mai zurfin mutum uku, bakinsa na zaizaya.
Muka tsaya. Kibiya na ta nuna ƙetare
kamar maigidan da ba shi zai ɗauki kayan ba.
Dama ko hagu? Ba ta san wannan yaren ba.

Saura biyu cikin ɗari.
Na yi mata inuwa da hula, na buɗe,
na ga ramin kwance kamar maciji,
wutsiyarsa ta sirance wajen gabas,
kusa da wasu itatuwa uku.
Na haɗiye hoton da ido.
Ta yi duhu a tafina.

Muka bi gabas, kibiya na ta murguɗe-murguɗe,
lambobi na hawa maimakon sauka,
Alkasum na tsaki.
Itatuwan uku, biyu muka tarar da kututture,
amma a nan ramin bai kai ƙugu ba.
Daga can kibiyarsa ta ja mu cikin duhu
har ƙafata ta bugi tayar babur.

Yanzu wata biyu ke nan.
A fada, wurin shayi, yana cewa kibiya ta kawo mu.
Ina cewa da yanzu muna bakin rami muna karanta lambobi.
Wanda ya ci zomon ma ya goyi bayansa.

Shekaranjiya dai Ɗan Jimma ya raɗa mini
wai Alkasum ya zo tambayar yadda ake ɗura taswira.
Ban gaya masa abin da ya kai ni shagon ba:
na ji an ce akwai wani jepeyes na hannu a Konni,
ina son in ji kuɗinsa.