Tambaya ta Goma Sha Huɗu

An ba ni takarda mai gida-gida,
biro biyu, da kuɗin keke zuwa Gangare.
Aka ce: wata shida ke nan da rufe ajin iyaye maza,
je ki auno mana abin da ya saura.

Barau na tarar a Farin Gada,
kwandon tumatir ya kwantar masa da gashin ka.
Sai da ya goge hannu a wando kafin ya zauna,
kamar takardar ce za ta ba shi hannu.
Zama nawa ka je? Tara cikin goma sha biyu.
Sauran ukun? Ranar lodi ce, Malama,
wa zai bar mota tsaye ya tafi koyon haƙuri?
Me ka fi tunawa? Ya yi dariya: shayi da burodi.
Can kuma ya ce: wani Gyang, mai haƙar kuza,
da ya fashe da kuka a tsakiyarmu.
Ba wanda ya kalle shi,
ba kuma wanda ya tashi.

Tambaya ta goma sha huɗu:
cikin wata ukun nan, sau nawa ka ɗaga hannu?
Ko sau ɗaya.
Na sa alama. Biro ba ya musu.

Ƙa'ida ta ce a tambayi matar ita kaɗai.
Ɗakin ɗaya ne tal,
sai na aiki yara sayen ashanar da ba a bukata.
Sahura na tsintar wake, ba ta ɗago ba.
Bai taɓa ni ba tun azumi, in ji ta.
Sau ɗaya ya yi jifa da kofi, bango ya samu.
Kofin zan rubuta, ko bangon?
Yanzu in ya cika ya batse
sai ya haye dutsen bayan gida,
ya zauna har sanyin Jos ya ratsa ƙashinsa.
Ni kuwa ina nan ina sauraron takalmi,
don ban san wane Barau ne zai sauko ba.

Gidajen amsa uku ne:
ya ragu, bai ragu ba, ban sani ba.
Babu gidan mace mai sauraron takalmi.

Yara suka dawo, shi ma ya shigo,
ya miƙa hannu zai ɗauko tocila a kan ƙusa.
Ƙaramar ko gezau.
Babban, Lurwanu, ya duƙa ya kāre kunne.
Barau ya gani.
Hannun ya tsaya a sama, ba tocila, ba kome,
sannan ya sauko da shi sannu
kamar mai sauke tiren ƙwai.
Wannan ma ba shi da lamba.

Gida na gaba ƙuri'a ce ta tsallake shi.
Da gangan ba a koya wa mijin kome ba,
don a ga bambanci.
Matar ta amsa duka talatin
da mayafi har gira, a cikin ɗakinta.
Ta rako ni zaure, ta ce ƙasa-ƙasa:
in kun gama gwajin, yaushe ne namu?
Na ce zan tambaya.
Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai bashi.

A Abuja za a juye mu duka cikin kwamfuta,
kashi kaza cikin ɗari ya fito,
a ce shiri ya yi ko bai yi ba.
Kuɗin baɗi a nan suke rataye.
Ban raina lissafi ba;
in babu shi, kowa sai ya ce rijiyarsa ta fi zurfi.

Ruwa ya tsuge kafin Tamines,
na cusa takardun cikin riga.
Babana direban tifa ne,
ba wanda ya taɓa sallama a gidanmu da biro.
A cikin keke, mutumin da ke gefena
ya ɗaga hannu zai ce a sauke shi.

Na duƙa.