Mai Awo Ma Ana Auna Shi

Ƙarfe tara aka ce. Tun takwas da rabi
na gangaro daga tudun Valparaíso,
takalmin ƙanwata na cizon dunduniyata,
takarduna a jaka, na sha shafa su kada su yamutse.

Goma saura kwata aka kira ni.
Ba wanda ya ce, yi haƙuri.

Ofis a hawa na shida, taga na kallon teku,
jiragen ruwa sun yi layi suna jiran a sauke musu kaya.
Ni ma haka.

Sunansa a kan tebur, Eladio Barraza.
Nawa kuwa, Ximena Quilodrán,
ya tauna shi sau biyu ya tofar da rabi.
Ya tambayi inda nake hango kaina nan da shekara biyar,
idonsa na kan waya, yatsa na ta shafar gilashi.
Na fara amsa. Ya ce, "To, to,"
tun ban kai tsakiyar zance ba.

Ranka ya daɗe, ka ɗauka kai kaɗai ke riƙe da mudu?
Shekara goma sha ɗaya ina lissafin kwantena a bakin ruwa,
na san akwatin da aka cika da iska.
Na ga sakatariyarka ta ɗauke numfashi
don kawai cokali ya yi ƙara a kofinka.
Na ga kujerata ta fi taka gajarta, ba bisa kuskure ba.
Shafi na biyu kuwa ko ɗaga shi ba ka yi ba,
can ne na rubuta abin da na iya.

Mai neman aiki ba makaho ba ne,
buƙata ce ta ɗaure masa harshe.

Ranar Alhamis waya ta yi ƙara: an ɗauke ni.
Ina tsaye a kicin, mai gida na bina hayar wata biyu,
mahaifiyata ta tsayar da wuƙa a kan albasa
tana kallon bakina.

Na ce zan zo. Me zan ce?

Amma kwafin takarduna na nan cikin jaka,
kuma duk tsakar rana, ina cin burodi a gindin tashar,
ina bin shafin neman ma'aikata da biro.

Ka sami hannuwana, Barraza, takwas zuwa biyar.
Sauran kuwa ka zubar tun ranar nan,
tsakanin "to" na farko da na biyu.