Zaren da Ba a Gani

A shagon Bappa Gidado, can Jekadafari,
inda ƙarar keke ke cinye sallamar baƙo,
nan na san ado ma da harsashinsa.

Saura kwana biyu walimar ritayar Malam Lamela,
shaddarsa ruwan toka tana ɗaure a ƙawanya,
ga wuta ta zo da la'asar, baƙuwa mai takalmi a ƙafa.
Na ce me zan yi da ɗinkin ƙasa?
Wa ke ganinsa?
Na sakar wa yadi siliki kai tsaye,
ina fito, ina jin kaina gwani.

Da na kwance ƙawanya sai wuyan riga ya tattare
kamar goshin mai bin bashi.
Ganyen da na zana ya nutse,
toka na leƙowa ta tsakanin zare,
baki ɗaya ya karkace ya nufi Dukku.

Bappa bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya shafa wurin da babban yatsa,
ya miƙo mini reza da fitilar wayarsa:
"Warware. Kada ka ji wa shaddar ciwo,
ba ita ta yi gaggawa ba."

Sai da aka kira assalatu na tsince zaren ƙarshe.

Da hantsi ya zaunar da ni.
"Fara bi ta tsakiya, layi guda, a hankali,
ka ɗaure yadi da gam su zama abu ɗaya.
Ka zaga gefe, amma daga ciki,
kaurin allura, kada ya leƙo.
Inda fili ya yi faɗi, yi masa kai da kawo, sako-sako,
ya gitta hanyar da na sama zai bi.
Mai daɓe ba ya zuba siminti kan rairayi."

Siliki ya hau, ya zauna daram,
ya taso kamar an hura masa rai.

Yau shekara tara, shagona na Kumo.
Jiya wani ya ɗaga rigarsa ga hasken ƙofa
yana ta yabon sheƙi, yana tambayar ina nake sayen zare.
Na faɗa masa layin a kasuwa.
Ban ce masa a ƙarƙashin kowane ganye
akwai wani tsoho mai tabarau ɗaure da roba
yana bi ta tsakiya, a hankali,
layi guda ba.